Yadda Na Zama Sarkin Laka

'Ya'yana, na san babu ɗayanku da bai taɓa jin an kira ni Sarkin Laka ba, ko a kasuwa, ko a ƙofar masallaci, ko a bakin wani tsohon ɗalibina da ya yi gemu amma bai yi hankali ba. Na kuma san uwarku ta riga ta ba ku nata labarin, wanda a cikinsa wai na nutse har wuya a fadamar Ambursa, sai da aka kawo shanu biyu aka jawo ni. Sharri ne. Da ƙafata na shiga, da ƙafata na fito. Abin da ya rage a can takalmina ne ƙafa ɗaya, kuma na yafe wa fadamar shi duniya da lahira. Tun da kun fara girma kuna yawo da labarin, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

A lokacin da nake ba ku labari, makarantarmu ta unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi ta tashi daga ɗaki biyu da rumfar kwano ta zama gini mai katanga da ƙofar ƙarfe. Ni ma na tashi daga Malam Umaru na zama Darakta. Tumbina ya girma tare da makarantar, har ma ya riga ta, domin idan zan shiga ofis shi ke fara gaisawa da malamai kafin ni in iso. Farar shadda nake sakawa kullum, mai guga, wadda ƙuda ma ke neman izini kafin ya sauka a kanta. Kuma ga abin da nake so ku sani, ko da yake faɗarsa ba daɗi: duk mutanen birni sun ɗauka mahaifina akawu ne. Ni na faɗa musu haka. Ku kun san kakanku, kun san manomin shinkafa ne a Augie, mai kaushin ƙafar da ƙaya ke gani ta kauce. A gonarsa na tashi. Tun ina shekara bakwai nake dashe, sanyin laka na cin ƙafata, matsattsaku na shan jinina kamar sun biya kuɗinsa. Ranar da na samu shiga kwalejin horon malamai na yi rantsuwa tsakanina da raina cewa ni da laka har abada. Ina aika masa abin da ya samu, ina zuwa gaisuwar Sallah, amma ban taɓa kai abokin birni Augie ba, shi ma ban taɓa kawo shi makarantar ba. Ya sani sarai. 

To, akwai ƙungiyar masu makarantun kuɗi ta yankinmu, daga Birnin Kebbi har Argungu. Shekara da shekaru suna aiko mini takardar gayyata, ni kuma ina fifita da ita. Ƙungiyar shan lemo nake kiranta. Na ce mutanen da ke sace wa juna malamai da ɗalibai, me za su tattauna in ban da gulmar wanda bai zo taro ba? Haka nake ta bakina har shekarar da yaranmu na farko suka kai ajin ƙarshe na sakandare, su goma sha ɗaya 'yan kimiyya. Sai ga mai duba makarantu ya zo, wani siriri mai tabarau wanda ban ga haƙorinsa ba har ya tafi. Ya ce in nuna masa ɗakin gwaje-gwaje. Na buɗe masa sito. A ciki akwai kwalba uku, da mazurarin kananzir na uwarku, da hoton ƙwarangwal da ɓera ya cinye wa ƙafa ɗaya. Ya dubi ƙwarangwal, ya dube ni, ya rubuta wani abu gajere. Ya ce yaran nan ba za su zauna jarrabawar gwaji ba sai an nuna masa ɗakin gwaji na gaske da suke amfani da shi.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Malam Isa mai bandar kifi ya zo har ofis, hularsa a hannu. 'Yarsa Hadiza ita ce ta ɗaya a ajin, tun tana aji ɗaya take cewa likita za ta zama.

"Darakta, ni ban yi boko ba," in ji shi, "amma shekara shida ina ƙona idona ga hayaƙi don ɗiyar nan. In babu jarrabawa ka hwaɗa mini tun yanzu, in san inda zan kai ta."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, komai na hannuna. Babu abin da ke hannuna sai hankici, shi ma ya jiƙe.

Washegari na lallaɓa shagon Madam Ngozi. Ita ce ma'ajin ƙungiyar. Ta zo Kebbi da sana'ar kwanuka tun tana amarya, daga baya ta buɗe makaranta a bayan shagon, kuma Hausar garin nan ta zauna a bakinta fiye da yadda ta zauna a nawa, domin ni a lokacin ina ta gyara harshe kada a ji ƙauye. Tana ganina ta tafa hannu.

"Lale da Darakta! Yau ka zo shan lemo?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na zauna a kan wata babbar tukunya da aka kife. Ta ba ni ruwa, ta bar ni na gama kame-kame, sannan ta warware mini abin da ban taɓa tsayawa na saurara ba. Ashe ƙungiyar ta gina ɗakin gwaji guda a Argungu, na kowa da kowa, kuma hukuma ta yarda duk makarantar da ke cikin ƙungiyar ta kai yaranta can. Ashe duk hutu suna tara malamansu a koya musu sababbin dabaru. Idan za a je wurin hukuma, murya ɗaya ake zuwa da ita. Da iska ta yaye rufin wata makaranta a Ambursa, su suka mayar da shi cikin mako guda. Na ce to madalla, nawa ne kuɗin shiga? Sai ta ƙyalƙyale da dariya har kwanuka suna amsawa.

"Tahi Argungu ka tambayi Shugaba," ta ce. "Ni ba ni son in rage maka daɗin labari."

Shugaban shi ne Alhaji Garba, ɗan masunta, dogo baƙi mai murya kamar ganga. Kafin mu yi maganar komai sai da ya sa aka kawo tuwon shinkafa da miyar giwan ruwa. Kan kifin nan kaɗai, wallahi da an sa masa tayoyi da an yi kabu-kabu da shi. Bayan mun wanke hannu ya kai ni ɗakin gwajin. Na ga tebura masu famfo, da kwalabe jere kamar sojoji, da madubin nan da ke mayar da ƙafar sauro kamar icen girki. Sai dai kabad ɗin sinadarai wayam yake, an ƙarar da su bara. Na zaro ambulan daga aljihu na miƙa masa da hannu biyu. Ko kallonta bai yi ba.

"Mai da abinka, Darakta. Dauri, can farko, kuɗin wata munka yi, kuma kowa ya san mai makaranta ba shi da kuɗi sai farkon zango. Taro duk ya koma hwaɗa, har wasu sunka daina gaisawa. Sai na ba ƙungiya aron fadamata ta Ambursa. Abin da munka noma shi ne kuɗinmu. Da shi munka yi ginin nan, kuma shinkafar bana ita za ta cika kabad ɗin ga."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, zan aiko 'yan ƙwadago goma, har da abincinsu.

"Ba a aiko kowa. Mai makaranta da ƙahwatai. Mun gwada mun gani, in mutum biyu sun wuni cikin laka tare, kunya ba ta barin ɗaya ya sace ma ɗaya malami. Asabar dashe. Wanda sunanai ba ya cikin masu dashe, ɗiyanai ba su shiga ɗakin ga."

Na ce likita ya hana ni taɓa ruwan sanyi. Ya ce Allah ya ba ni lafiya, ya kuma ce motar Birnin Kebbi tana tashi a bakin kasuwa.

Da na dawo gida na ba uwarku labari, sai da ta ajiye muciya ta zauna a ƙasa don dariya.

"Ɗan akawu za ya gona! Malam, in ɗinka maka safar hannu?"

Na ce ta yi shiru kada maƙwabta su ji. Ta share hawaye ta ce, "Ni dai shekara ashirin ina riƙe maka sirrin nan, ya fi tulun ruwa nauyi. In Allah ya sauke mini shi ranar Asabar, zan yi sadakar ƙosai."

Na tsara dabarata tsaf. Zan je, a rubuta sunana, in tsaya a gefe ina riƙe wa mutane waya da agogo, in ɗan taɓa laka da yatsa ɗaya saboda sharaɗi ya cika. Ranar Asabar da hantsi na hau kabu-kabu zuwa Ambursa cikin farar shadda da takalmi sau-ciki. Mai babur ɗin ya ce tun da yake bai taɓa kai ango gona ba. Na tarar da su wajen ashirin: masu digiri, masu digiri biyu, da wani malamin lissafi mai ritaya da ya zo da rula a aljihu. Madam Ngozi ta sa takalmin roba har gwiwa, ta ɗaure zani kamar za ta dambe. A nan na gane wani abu. A shekarun baya noman damina suke yi, su watsa iri Allah ya raya. Bana ne karon farko da suka ce za su yi noman rani da dashe, don amfanin ya fi yawa. Kuma duk cikinsu babu wanda ya taɓa yi. Wata takarda suke da ita mai shafi biyu, Alhaji Garba na karantawa da ƙarfi, saura na cewa to.

'Ya'yana, abin da idona ya gani a ranar nan, da kakanku ne da ya suma. Wurin renon irin a bushe yake ƙamas, ba wanda ya tuna a ba shi ruwa tukuna, ga su suna fizgar irin ta ganye, saiwoyi suna tsinkewa ɓas ɓas suna zama a ƙasa. Wanda ya samu ya tsira da saiwarsa, sai a dunƙule goma wuri ɗaya a tura cikin laka har wuya kamar ana binne gawa. Malamin lissafi na tsugune yana auna tazara da rula, ya yi rabin sa'a ya dasa huɗu. Abin da ya fi kashe ni shi ne, gaba suke tafiya. Mutum ya dasa, ya ɗaga ƙafa ya taka abin da ya dasa, ya ƙara gaba yana murmushi. Shugaba kuwa, da ƙafar nan tasa kamar faranti, duk inda ya bi sai ka ce dorina ta yi birgima.

Na tsaya a kan kunyar ƙasar da ta raba fangalin dashe da na kusa da shi, riƙe da wayoyi bakwai. Na san irin nan shi ke nan gare su, kuma in ya lalace lokacin sake reno ya wuce. Babu shinkafa, babu sinadarai. Babu sinadarai, ɗakin gwajin ya zama sitona mai kyan fenti, Hadiza da 'yan ajinta sun tashi a banza, tare da yaran duk mutanen nan. Na kuma san in na buɗe baki, akawun nan da na yi shekara ashirin ina ginawa zai rushe a gaban mutanen da na fi jin kunya a duniya. Na ce wa raina, Umaru yi shiru, ba gonarka ba ce. Na juya baya ina kallon wata balbela. Na ƙirga har hamsin. Sai na ji ɓas, wani ya sake tsinke damin iri, kuma na rantse muku muryar kakanku na ji a kunnena tana cewa, kai wane irin ɗa ne.

Ban san lokacin da na zubar da wayoyin a kan ciyawa ba.

"Kai! Ku tsaya! Ku tsaya don girman Allah, kun kashe shinkahwa! Wa ya koya muku wanga aiki? Alhaji, hita daga nan, kai kaɗai ka yi ɓarnar garken shanu!"

Kowa ya waiwayo. Muryar da ta fito ba ta Darakta ba ce, ta ɗan Augie ce tsantsa, har balbelar ta tashi. Na tuɓe babbar riga na rataya a kan injin ban ruwa, na naɗe wando, na faɗa ciki. A taku na biyu laka ta karɓe takalmin dama, ban ko waiwaya ba. Na sa aka tada inji aka jiƙa wurin renon har ƙasa ta yi laushi. Na nuna musu yadda ake sa yatsu a ƙarƙashi a ɗago iri da saiwarsa, a kaɗa shi cikin ruwa. Na aika aka samo igiya, aka ɗaura ta a turaku biyu, na jera masu digiri a bayanta kamar 'yan aji ɗaya. Biyu ko uku, ba goma ba. Iya gaɓar yatsa, ba har wuya ba. Kuma da baya ake tafiya, jama'a, da baya! Na karɓe rular malamin lissafi na ce tazarar tana tsakanin babban yatsansa da ɗan ali, Allah ya riga ya ba shi rula tun daga ciki.

Sannan na sunkuya. Tumbin ya yi gardama, baya ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma hannun nan, hannun bai manta komai ba. Cak, cak, cak. Kafin Shugaba ya dasa layi ɗaya na yi shida. Uwarku na cewa na ƙara gishiri, amma akwai shaidu: har manoman gonakin kusa sun bar aikinsu sun zo kallo. Kuma abin da ban zata ba, daɗi nake ji. Sanyin lakar nan da na yi shekaru ina zagi ya ratsa ƙafata kamar gaisuwar tsohon aboki. Har waƙar dashe ta yaran Augie na tsinci kaina ina yi, wadda na ɗauka ta mutu a cikina.

Da aka tashi cin abinci, muna zaune a gindin mangwaro kowa ya yi dumu-dumu, sai Madam Ngozi ta dube ni ta gefen ido.

"Darakta, wane ofis ne babanka ya yi akawu? Ina son in kai ɗana can, na ga ana koyar da aiki."

Aka fashe da dariya, har wani ya ƙware da fura. Na ji kunya ta taso mini tun daga ƙafa. Sai na ajiye ludayi na ce musu ubana manomi ne a Augie, bai taɓa riƙe biro ba, kuma duk abin da na iya yau shi ya koya mini da bulalar geza. Na ce ƙarya na yi musu shekara da shekaru. Na jira a yi mini ba'a. Alhaji Garba ya miƙe, ya ɗebo laka da tafinsa, ya shafa mini a goshi.

"Ni ɗan masunci, wanga ɗan maƙeri, waccan mai kwanuka. Kai kaɗai ne ɗan akawu, dama ka yi muna yawa. Jama'a, ga Sarkin Lakar ƙungiya!"

To kun ji inda sunan ya fito. Kafin in iso gida da takalmi ƙafa ɗaya ya riga ni isowa Nasarawa, kuma na tarar uwarku ta aika an sayo ƙosai. Ba zan ce muku bai yi mini ciwo ba. Wasu iyaye biyu masu ji da kansu sun cire 'ya'yansu, wai ba za su bar su a hannun ɗan ƙauye ba. Malamaina sun yi wata guda suna danne dariya in na shigo. Bayana kuwa, kwana tara ina sallah a zaune. Amma shinkafar ta yi. Ta yi har mutane na tsayar da babur a hanya suna tambayar gonar wa ce. Madam ta sayar da ita, kabad ya cika, muka riƙa kai yaranmu Argungu duk Laraba a motar haya, suna waƙa tun daga tasha. Mai tabarau ya dawo, ya ga sunan makarantarmu a takardar ƙungiya, ya sa hannu. Duk su goma sha ɗaya sun zauna jarrabawar. Hadiza tana karatun likita yanzu, kuma har gobe Malam Isa bai yarda in sayi kifi da kuɗina.

Amma na tsallake ranar yankan shinkafar, kuma ita ce dalilin rubutun nan. Ranar da za a sa lauje, na ɗauki shatar mota tun da safe na tafi Augie na ɗauko kakanku. Bai tambaye ni ina za mu ba, ya dai ɗauko laujensa. Na kawo shi gaban masu makarantu ashirin, da tsohuwar rigarsa da kaushin ƙafarsa, na ce ga mahaifina. Suka taso ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa. Madam Ngozi, wadda bakinta ba ya hutu, ta ce, "Baba, ashe kai ne akawun?"

Tsoho ya ɗaga laujensa ya ce, "Ni ne, ɗiyata. Ga abin rubutun."

Bayan an yanke fangalin farko, ya bi tushiyoyin da suka rage yana dubawa, hannunsa a baya, ni ina biye da shi kamar ɗalibin da ke jiran sakamako. Ya je ƙarshe ya dawo. Ya tsaya ya nuna da lauje.

"Wa ya ja layin ga na uku?"

Na ce ni ne, Baba.

"Ya karkace."

Na ce a yi haƙuri, Baba, an daɗe ba a yi ba. Sai ya kama hannuna, ya juya tafin yana kallo, ya murza shi da babban yatsansa kamar mai duba ƙwayar shinkafa. Idonsa ya kawo ruwa, nawa ma haka, muka ɗora wa ƙaiƙayi laifi.

"To," ya ce, "tun da bayanka ya tuna sunkuyo, tawa gonar tana nan inda ka bar ta."

Tun daga shekarar nan dashe biyu nake yi, na ƙungiya a Ambursa da na tsoho a Augie, kuma har bana bai taɓa cewa layina ya miƙe ba. Ku kuma da kuke karanta wannan kuna dariya, na ƙungiya dai doka ta ce mai makaranta da ƙafarsa, don haka kun tsira. Na Augie babu wannan dokar. Asabar mai zuwa ne, kakanku ya ce in zo da ku duka, har mai cewa laka na sa mata ƙuraje. Ku nemi tsofaffin tufafi, kuma kada wanda ya sa takalmin da yake so.